Kuɗin magini: a biya kafin aiki ko sai ya gama? Ku ba ni shawara don Allah

Ɗan Badariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Wallahi abin ya tsaya mani a rai shi ya sa na kawo shi nan. Gidan tsohuwarmu ne nan Badariya cikin Birnin Kebbi, ɗaki biyu da falo, kwanon ya tsufa, bara da damina sai da muka riƙa tara roba da bokiti a tsakar ɗaki. Na yi jinga da wani magini a kan ya sake rufin gaba ɗaya, ya yi filasta ciki da waje, ya gina sabon sokawe, duk da kaya naira miliyan 1 da dubu 800. Ya ce in ba shi miliyan 1 da dubu 300 kafin alƙalami ya kwaso kaya kafin su ƙara tashi, ni kuma ganin mutumen unguwa ne, tare muke sallar asuba, ban ko nemi shaida ba na tura mai. Ya zo da yara ya yaye kwanon ɗaki ɗaya da falo, ya kawo bandir 2 na kwano da katako kaɗan da siminti buhu 10, yau sati biyar ke nan ban sake ganin ƙeyarsa ba. Waya in ta shiga sai ya ce gobe in sha Allahu. Tsohuwa da ƙannena mata su huɗu cikin ɗaki ɗaya suke kwana, kayanta na zaure an lulluɓe da tamfol, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Jiya wani ya ce mani ya gan shi Kalgo yana ɗora bulo a wani gini. To ni yanzu tambayata biyu ce, ya zan yi da wannan, sannan ku da kuka saba gini ya kuke biya, kafin aiki ko bayan aiki?

Maman 'yan biyu: Innalillahi. Allah ya ba Inna haƙuri. Tun kafin komai a samu leda mai kauri ko tamfol a rufe saman ginin nan, ruwa ɗaya in ya sauka a kan bangon da ba rufi sai ya jawo maka wani kashe kuɗin.

Mai shago Jega: Ɗan'uwa kuskure guda kay yi, ka haɗa kuɗin kaya da kuɗin hannu ka danƙa ma mutum guda. Ni gida biyu na gina kuma ban taɓa ba magini kuɗin siminti a hannu ba. Shi ya rubuta mani abin da aiki ka ci, ni in tahi kasuwa in saye da kaina, mota ta sauke ƙofar gida, in ƙirga. Kuɗin hannu kuwa sai abin da idona ya gani. In anka kai linta in biya na linta, in anka rufe in biya na rufi. Ba rashin yarda ba ne, kuɗi ne ba su da kunya, in sunka kwana aljihun mutum sai buƙata ta taso masu.

Magini daga Argungu: Salamu alaikum. Ni birkila ne shekarata 22 da cebur da cokali, kuma ba zan kare wanda ya bar dattijuwa ba rufi ba, wannan bai kyauta ba ko kaɗan. Amma tunda an ce a faɗi gaskiya ku ji tamu. Kun san lebura ba ya jiran ƙarshen aiki? Yaro ya wuni yana kwaɓa siminti cikin ranar Afrilu, da la'asar hannu zai miƙo maka don da shi zai auno garin da za a tuƙa a gidansu. Mai ga-ruwa ba ya bashi. Mai tifa ba ya juye yashi sai ya ji alat. To in mai gida ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai an gama, daga aljihun wa duk wannan zai fito? Mu ba kamfani ba ne, ba mu da jari, ƙarfinmu shi ne jarinmu.

Kuma wallahi abin da masu gida suke yi mana ba a faɗa. Shekara uku da suka wuce na yi wa wani Alhaji katanga da shago uku, cikona dubu 240, ranar da na gama ya ce ya yi tafiya, ya dawo ya ce filasta ta yi kwari a kusurwa, na gyara, ya ce sai ya sayar da shinkafa. Yara suka riƙa zuwa ƙofar gidana suna sallama, sai tunkiyar matata na sayar na sallame su. Har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Aikin gini in ka gama ka gama, ba ka iya ciro bulo ka tafi da shi gida. Shi ya sa da yawanmu suke cewa a ba su a gaba.

Ɗan Badariya: Baba na ji ka kuma wallahi na tausaya. Amma ni ai na bayar, fiye da kashi biyu cikin uku na bayar. Me zai kai shi Kalgo?

Magini daga Argungu: Ɗana zan faɗa maka abin da nake zato don na san halin sana'ar. Ba lalle ya ci kuɗinka ya sha shayi da su ba. Abin da ake yi shi ne a tona rami a cike rami. Yana da tsohon aiki da ya karɓi kuɗinsa ya kashe, mai aikin ya matsa mai lamba, sai naka kuɗin suka shigo ya kwashe ya je ya rufe wancan, yanzu yana jiran wani sabon mai gida ya ba shi adibas ya zo ya rufe naka. Mutum in ya faɗa wannan zagayen da wuya ya fita, kullum da kuɗin na baya yake aikin na gaba. Yaye kwanon nan da ya yi da wuri ma alama ce, ya san in gida ya zama a buɗe ba ka iya korarsa cikin sauƙi.

Mai siminti a tsohuwar kasuwa: Akwai wani abu da ba ku taɓo ba, farashi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba. Ku tuna watan Fabrairu 2024, buhun siminti mai kilo 50 ya haura dubu 10 a wurare da dama har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin dubu 7 da dubu 8. Mu nan da masana'antar BUA ta Kalambaina take kusa da mu a Sakkwato ma ba mu tsira ba. A lokacin na ga magina da idona sun yi jinga duk da kaya, kafin sati biyu lissafi ya rushe, wani ya tsaya gaban shagona yana share zufa yana danna kalkuleta ya rasa abin da zai ce wa mai gida. To wanda bai da ƙarfin zuciyar komawa ya ce Alhaji kaya sun tashi, ɗayan biyu yake yi, ko ya gudu ko ya rage siminti a kwaɓi. Don haka maganar a ba da kuɗi da wuri a kama kaya gaskiya ce, amma ba a hannun magini za a kama su ba. Ka zo shago ka biya buhu 50, a rubuta maka rasit da sunanka, magini ya riƙa zuwa yana ɗaukar 5 ko 10 da izininka ta waya. Haka masu hankali suke yi da rodi da kwano ma.

Mai shago Jega: Awo, wanga shi ne magana. Sai dai a lura da shagon da za a aje ma kuɗi, shi ma sai wanda anka sani.

Mai siminti a tsohuwar kasuwa: Ƙwarai kuwa Alhaji. Kuma kada a kwashi siminti da yawa a jibge a gida da damina, danshi na kama shi ya daskare, wata biyu uku ya fara zama dutse. Gara ya zauna a sito a kan katako.

Malamin islamiyya, Gwandu: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka. Ina so in tunatar da mu cewa addini bai bar wannan babin ba, kuma bai goyi bayan ɓangare ɗaya ba. Hadisin da kowa ya haddace, na Ibn Majah, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, shi ne hujjar Baba magini, kuma a Bukhari akwai mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya cika mai aiki shi kuma ya hana shi lada. Alhajin da ya riƙe dubu 240 ya ji tsoron Allah, jinkirin mawadaci zalunci ne, haka hadisi ya ce. Amma ku lura, gumi ake magana, wato aikin da aka riga aka yi. Wanda ya karɓi kuɗi bai yi gumin ba, kuɗin nan nauyi ne a wuyansa har sai ya yi aikin ko ya mayar. A cikin Risala da muka karanta a zaure an faɗa ƙarara cewa masu sana'a su ke lamunin abin da aka danƙa masu suka keɓanta da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganarka ɗan'uwa da ka ce ba ka nemi shaida ba don tare kuke sallah. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai aka fara faɗarta, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mu kuma sai mu ce kunya. Kunyar minti biyar ce ta rubutu take zama gabar shekara biyar, an daina gaisawa, mata sun daina shiga gidajen juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan Badariya: Allah ya gafarta Malam wallahi gaskiya ne. Abin da nake da shi kawai shaidar tiransifa a waya da saƙon murya da ya yi mani a WhatsApp yana lissafa aikin.

Injiniya BK (Birnin Kebbi): Kar ka goge su, ka tura wa wani ya ajiye maka ma. Wannan saƙon muryar ya fi ƙarfin yadda kake zato.

Bari in ƙara da abin da muke yi a aikin gwamnati don mutane su gane cewa ba ƙauyanci ba ne ka ƙi ba da kuɗi da yawa a gaba. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, a lokacin da aka kafa ta, kashi 15 cikin 100 ta ƙayyade a matsayin kuɗin fara aiki, shi ma sai ɗan kwangila ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Sauran kuɗin mataki mataki ne, a zo a auna abin da ka yi a biya ka, sannan a riƙe wani ɗan kaso, galibi kashi 5, sai an ga aikin ya zauna bai nuna aibi ba. To gwamnati da take da lauyoyi da 'yan sanda ba ta yarda ta ba da kashi 70 ba, kai da albashinka ka bayar.

Ni ga yadda nake ba 'yan'uwana shawara a ƙaramin gyara irin wannan. Kaya kai ka saya. Kuɗin hannu a raba shi da abin da ido ke gani, misali an kafa katako an buga kwano, an gama filastan ciki, an gama na waje, an rufe sokawe. Kuɗin lebura da ruwa a riƙa ba da su kullum ko duk Alhamis don kar magini ya shiga uku kamar yadda Baba ya faɗa. Ƙa'idar ita ce kullum aikin da ke ƙasa ya ɗan fi kuɗin da ka fitar, kada kuɗi su riga aiki. Kuma dalilin riƙe ciko ba mugunta ba ne, aibin gini ba ya fitowa ranar da aka gama. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, filasta kuma a zafin Kebbi in ba a yi mata ban ruwa safe da yamma ba na kamar sati guda, za ka gan ta sumul ranar biya, bayan wata ɗaya ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ka ɗauki mabuɗi ka karta bango, in yashi na zuba ka san an yi rowar siminti. Rufi kuwa alƙalinsa ruwan farko ne da iskar farkon damina.

Hajiya daga Yauri: Injiniya Allah ya biya ka, ruwan farkon nan shi ne ya koya mani hankali. Ni mijina ya rasu, da kuɗin gadon yara na gyara ɗaki biyu don in sa haya. Kafinta ya gama rufi da silin cikin watan Maris, ya yi kyau abin sha'awa, na biya shi tas har da na goro don na ji daɗi. Ranar da aka yi ruwan farko da dare 'yar hayar ta bugo mani, na je da tocila na tarar ruwa na bin bango ta wajen da kwano ya haɗu da katanga, silin ya jiƙe ya yi ciki kamar zai faɗo, katifarta sharkaf. Ashe bai sa kwanon da ake naɗewa a bakin bango ba, siminti kawai ya shafa. Na kira shi ya fi sau goma, da yake ba ni da ko kwabo nasa a hannuna bai zo ba, sai wani na biya ya sake. Kuma mu mata abin ya fi yi mana yawa, ba mu hawa sama mu duba, ba mu san ƙusa nawa ake bugawa ba, in ka yi magana a ce Hajiya ba ki san aiki ba. Tun daga nan ko fenti za a yi mani sai ƙanena ya tsaya, kuma sai na riƙe wani abu.

Magini daga Argungu: Hajiya Allah ya jiƙan maigida, wannan kafinta ya ci amanar marayu. Amma Injiniya a nan zan saɓa maka kaɗan. In na gama aiki watan Janairu ka ce sai ruwa ya sauka watan Yuni za ka cika mani, wata biyar ke nan, iyalina fa? Kuma kashi 5 ɗin gwamnati a rubuce yake, na mutanenmu ba a rubuce yake ba, riƙon nan shi ne ƙofar da ake bi a cinye mana haƙƙi, ka dawo a ce ai ga tsaga can.

Injiniya BK: Baba maganarka a kan hanya take. To a yi haka, abin da za a riƙe ya zama kaɗan, a faɗi ranar biyansa tun farko, kuma kada ya zauna hannun mai gida. A aje wajen wanda duka biyu suka yarda da shi, mai unguwa ko liman ko shugaban magina na yankin. In ranar ta zo ba aibi a miƙa maka ba sai ka yi zarya ba.

Magini daga Argungu: In dai hannun liman ne ko sarkin magina na yarda. Wallahi da haka ake yi da tunkiyar matata na nan.

Ɗan Zuru a Legas: Ni nawa daban ne, ku da kuke gida kuna da sauƙi. Shekara biyu ina turo kuɗi ana turo mani hoto, na zo hutun sallah na tarar hoton ɓangare ɗaya ake ɗauka, bayan gidan ko linta ba a kai ba. Da na zaunar da maginin sai ya fito da ɗan littafinsa, ashe rabin abin da nake turowa ne ke isa hannunsa, sauran yana maƙalewa wajen ɗan'uwan da na wakilta. Na kusa zagin bawan Allah a banza. Yanzu kai tsaye nake biyan mai bulo da mai siminti, magini kuma kiran bidiyo muke yi ya zagaya da ni ko'ina har bayan gida kafin in tura na wannan matakin. Don haka kafin a ɗora wa masu aiki laifi duka a duba na tsakiya.

Maman 'yan biyu: Wannan ma ya yi yawa a garin nan wallahi.

Matashi mai wayarin: Ni ƙaramin mai sana'a ne, wayarin nake yi da sola. Gaskiya in ba a ba ni kuɗin waya da soket ba ba ni da abin saye, amma na fi son mai gida ya bi ni kasuwa ya biya da hannunsa, don in ya ga farashin waya mai kyau da idonsa ba zai ce na cuce shi ba, kuma ba zai tilasta mani sayen mai arha da za ta yi zafi ta kama wuta ba. Kuɗin hannuna kuma in na gama a kunna a gani a ba ni a ranar, kar a ce in dawo jibi.

Mai shago Jega: To mu koma ga mai tambaya. Shawarata kada ka fara da 'yan sanda, in anka kulle shi rufinka ba ya rufuwa kuma kuɗinka ba su fitowa. Ka samu mai unguwa da limamin masallacinku, tunda tare kuke sallah, a kira shi a zauna. A ƙirga abin da ya kawo a yi mai kuɗi, abin da ya rage a rubuta shi bashi da shaidu da rana. In ya saɓa sannan ka tahi kotu da takarda a hannu.

Malamin islamiyya, Gwandu: Haka ne. Kuma a zaman kada a tozarta shi gaban yaransa, a bar mai ƙofar da zai dawo ta cikinta. In ya tabbata yana cikin ƙunci a sassauta mai lokaci a kan sauran aikin, amma rufin dattijuwa ba ya jira.

Ɗan Badariya: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bayan isha'i na samu liman na kunna mai saƙon muryar, ya aika aka kira maginin kuma ya zo, ban zaci zai zo ba. Baba magini kamar kana wurin, ya amsa da bakinsa cewa dubu 600 cikin kuɗina ya kai su aikin Kalgo. An ƙirga kayan da ke ƙasa, an rubuta sauran, shi da ƙanensa sun sa hannu, liman da mai unguwa shaida. An yanke cewa ranar Asabar zai kawo sauran kwano ya rufe ɗaki da falo kafin a yi maganar filasta, cikon dubu 500 da ke hannuna kuma ba zai ga ko naira ba sai abin da aka auna, siminti ni zan riƙa biya a shago. Yau da safe ni da ƙannena mun ja tamfol a saman falon mun danne da bulo.

Hajiya daga Yauri: Alhamdulillah. Ranar Asabar ɗin ka samu wanda ya san rufi ya hau ya duba bakin bangon nan kafin su sauko, don Allah kar ka manta.

Magini daga Argungu: Kuma ka duba katakon da ya kawo tun sati biyar, in a rana ya bar shi ya riga ya karkace, kar ka yarda a buga kwano a kansa. In an shafa mai maganin gara ka gani da idonka, in ba a shafa ba a shafa kafin a ɗora.

Ɗan Badariya: To Baba, yanzu zan je in duba shi, a bayan zaure yake jingine.